Kafin a Buga Labarin “Sabon Batir”, a Nemi Alƙaluman da Aka Bari a Baya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon fili a wannan jarida mu yi tsokaci kan wani irin labari da ba ya wata guda bai fito ba a kafafen yaɗa labarai. Yau a ce masana sun gano batirin da zai cika cikin minti biyar. Gobe a ce ga wanda zai shekara ashirin bai mutu ba. Jibi kuma ga wanda zai kai mota kilomita dubu da caji ɗaya. Masu karatu sun rabu gida biyu a kansa. Akwai masu ɗaukar kowane labari hannu bibbiyu, har su ɗage sayen abin da suke buƙata yau suna jiran na gobe. Akwai kuma waɗanda suka gaji da jin alkawari, suka ce duk tatsuniya ce. Mu da aikinmu ya shafi batura muna ganin duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya, kuma jarida za ta iya taimaka musu idan ta san tambayoyin da ya kamata ta yi kafin ta buga.

Sai an san abin da ke cikin batir ake gane inda gizo ke saƙar. Idan aka warware ƙwayar batirin litiyam, irin na waya ko na mota, abubuwa huɗu za a tarar. Akwai siririn faifan tagulla da aka shafe da baƙin gari na girafait, wato irin abin da ke tsakiyar fensir; shi ne ɓangaren da ke karɓar litiyam lokacin caji. Akwai siririn faifan alminiyam da aka shafe da wani haɗi mai ɗauke da litiyam, ko dai da kobalt kaɗai, ko da nikel da kobalt da manganis, ko da ƙarfe da fosfet. Tsakaninsu akwai wata farar leda mai ƙananan kafofi, wadda kaurinta bai kai rabin silin gashi ba. Ita ce ke hana faifan biyu taɓa juna. Na huɗu shi ne ruwan batir, wanda ya jiƙa su duka, ta cikinsa litiyam ke kai da komo. Ana naɗe su kamar tabarma, ko a jera su bisa juna, a rufe. In ana caji, litiyam ya ƙaura zuwa ɓangaren girafait. In ana amfani, ya dawo. Ruwan nan kuwa mai kama wuta ne, kuma ledar tana fara narkewa daga wajen digiri 130 zuwa 165. Duk wani sabon batir da aka yi shelarsa, ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan huɗun aka sauya, kuma da wuya a taɓa ɗaya sauran ukun ba su amsa ba.

Shi ya sa ba a auna batir da alƙalami ɗaya. Ana duba yawan wutar da yake riƙewa a kowane kilo da kowace lita, da saurin da yake karɓa da bayarwa, da yawan cajin da zai ɗauka kafin ya gaji, da yadda yake jure zafi da sanyi, da hatsarinsa, da tsadar ƙera shi da yawa. Samun gwani a ɗaya daga cikinsu ba wuya ba ne. Wahalar ita ce a samu wanda ya wuce na kasuwa a abu ɗaya ba tare da ya faɗi warwas a sauran ba. Kanun labari kuwa ɗayan nan da ya yi kyau kawai suke ɗauka. A 2015 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun nuna batirin alminiyam da ke cika cikin minti ɗaya, ya kuma jure caji sau 7,500. Aiki ne na gaske, ba ƙarya a ciki. Sai dai ƙwayarsa bolt 2 take bayarwa, kuma wutar da yake riƙewa a kilo ɗaya ba ta wuce ta batirin dalma, irin na tayar da mota, da kirki ba. A farkon 2024 wani kamfanin Sin mai suna Betavolt ya sanar da batirin nukiliya da zai shekara 50 ba caji, nan da nan aka cika intanet da cewa an daina cajin waya. Ƙarfinsa maikirowat 100 ne. Sai an haɗa guda dubu goma kafin a sami wat ɗaya, waya kuma tana cin wat biyu ko uku ko fiye in ana aiki da ita. Yana da amfani ga ƙananan na'urorin auna abubuwa, amma wannan alƙalamin shi ne zuciyar labarin, kuma shi aka fi barinsa a baya.

Akwai wani lissafi ɗan ƙarami da muke so kowane mai rubuta labarin kimiyya ya riƙe. Sau da yawa za a ce sabon batir yana mayar da kashi 99 cikin 100 na litiyam ɗinsa a kowane zagaye na caji da amfani. A kunne kamar ya kai maƙura. To, a lissafa. Idan kashi ɗaya yana ɓata a kowane zagaye, kuma ba a tara rarar litiyam a ciki ba, bayan zagaye 22 batirin ya sauko zuwa kashi 80, wanda nan ne ake cewa batir ya tsufa. Bayan zagaye 100 abin da ya rage bai kai kashi 37 ba. Mai mayar da kashi 99.9 zai kai zagaye 220 da 'yan kai. Wanda ake so ya kai zagaye dubu sai ya riƙa mayar da kashi 99.98 ko sama. Tsakanin 99 da 99.98 akwai aikin shekaru masu yawa, kuma nan ne mafi yawan ƙirƙire-ƙirƙire ke maƙalewa.

Sai kuma girman abin da aka gwada. Yawancin sakamakon da ke fitowa daga ɗakin gwaji, a ƙwaya mai faɗin maɓallin riga aka same shi, milimita 20, mai riƙe wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na batirin waya ba. A irin wannan ƙwaya ana shafa garin sama-sama, a malala ruwan batir fiye da kima, a sa litiyam mai kauri da zai rufe duk asarar da ake yi. Sannan sau da yawa nauyin garin kaɗai ake lissafawa, ba a haɗa da tagulla da alminiyam da ruwa da gwangwani ba. In aka zo ƙera ta gaske, dole shafin ya yi kauri, ruwan ya ragu, rarar litiyam ta tafi, sai alƙaluman su zube. In kuma an haɗa ƙwayoyi ɗaruruwa a akwati ɗaya da wayoyi da bututun sanyaya da murfi, nauyin ya sake ƙaruwa da kashi 20 zuwa 40. Don haka duk alƙalamin da aka kawo, a tambaya: na gari ne, na ƙwaya ne, ko na cikakken akwati?

Masana'anta ma wata duniya ce. Ana haɗa batirin litiyam a ɗakunan da aka tsotse danshinsu fiye da busasshiyar sahara, domin ɗigon laima yana lalata ruwan batir. Injin shafa gari yana gudu da faifai mai tsawon kilomitoci, kuma dole kaurin shafin ya zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Bayan an rufe ƙwaya, ana yi mata cajin farko a hankali, a ajiye ta kwanaki ko makonni, domin wata siririyar fata ta samu a kan girafait. Ingancin fatar nan shi ke yanke tsawon ran batirin. Ɓurɓushin ƙarfe guda da ido ba ya gani zai iya huda leda bayan wata shida. Abin da ya sami Galaxy Note 7 a 2016 ba laifin sinadari ba ne: a wasu baturan kusurwar jakar da ke rufe ƙwayar ta matse faifan, a wasu kuma tsinin walda ya huda ledar da ke shamaki tsakanin faifan biyu, har sai da Samsung ya janye wayar baki ɗaya. Kamfanin Northvolt na Suwidin, wanda Turai ta ɗora wa buri, sananniyar fasaha yake ƙerawa, amma fitar da ƙwayoyi masu kyau da yawa a kan lokaci ya gagare shi, ya durƙushe a watan Maris na 2025. Idan tsohuwar fasaha tana kayar da mai kuɗi da ƙwararru haka, to sabuwa da sauran rina a kaba.

Tarihi ma haka ya nuna. Stanley Whittingham ya fara aikin batirin litiyam a shekarun 1970. John Goodenough ya gano haɗin kobalt a Oxford a 1980. Akira Yoshino ya haɗa samfurin da ya yi aiki lafiya a 1985. Sai a 1991 Sony ya fitar da shi kasuwa, su ukun kuma suka sami kyautar Nobel a 2019. A tsakani, kamfanin Moli Energy na Kanada ya fitar da batirin da ake sake yi wa caji mai zallar ƙarfen litiyam, ya shiga wayoyi a Japan, ya fara kama wuta, aka janye shi a 1989. Haɗin ƙarfe da fosfet, wanda ake kira LFP, ɗakin gwajin Goodenough ne ya bayyana shi a 1997, amma sai bayan shekara ashirin da ɗoriya ya mamaye motoci da rumbunan ajiyar wuta. Daga takardar bincike zuwa kanti, shekara goma zuwa ashirin ne abin da aka saba gani.

Wanda ya fi kowanne ɗaukar hankali yanzu shi ne batir mai daskararren ciki, wato wanda aka cire masa ruwa aka sa wani abu mai tauri a madadinsa. Burin da ke kansa yana da tushe. In aka rabu da ruwa mai kama wuta, hatsari zai ragu. In kuma shamakin mai tauri ya ba da damar amfani da zallar ƙarfen litiyam a maimakon girafait, za a sami riba babba, domin giram ɗaya na litiyam yana riƙe abin da ya ninka na girafait sau goma. Matsalolin kuwa guda uku ne manya. Ta farko, ruwa yana shiga kowane lungu ya jiƙa kowace ƙwayar gari, abu mai tauri ba ya yin haka. Garin yana kumbura yana saɓewa a kowane caji, sai 'yan gibi su buɗe tsakaninsa da shamakin, hanyar litiyam ta yanke. Don hana wannan, a gwaje-gwaje da yawa ana matse ƙwayar da ƙarfi tsakanin faranta na ƙarfe, kuma nauyin farantan ba ya shiga lissafin da ake bai wa 'yan jarida. Ta biyu, litiyam ba ya kwanciya sumul in ana caji da sauri. Yana tsirowa kamar ƙaya, ya bi ta tsagar da ke jikin shamakin har ya taɓo ɗaya ɓangaren, wuta ta haɗu. An yi zaton tauri zai tare shi, aka tarar yana ratsa tangaran ma. Ta uku ita ce ƙira. Shamakin da aka yi da haɗin farar wuta yana wucar da litiyam da kyau, amma da ya shaƙi laima sai ya fitar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen abu. Na tangaran ba ya wannan, amma sai an gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,000 ko fiye, kuma yin sa siriri da faɗi ba tare da ya fashe ba aiki ne ja. Na roba kuma sai an ɗumama shi zuwa digiri 60 ko 80 kafin ya yi aiki. Kada kuma a ɗauka daskararre ba ya ƙonewa: a watan Afrilu na 2022 motocin bas biyu masu irin na roban sun kama wuta a Paris, aka janye guda 149 daga kan titi. Toyota ya taɓa cewa zai fitar da nasa a farkon shekarun 2020, yanzu yana maganar 2027 zuwa 2028. Muna kyautata zaton zai zo, daga wannan kamfani ko wani, amma zai fara ne da motoci masu tsada ƙwarai da adadi kaɗan. Abin da ake sayarwa yau da wannan suna, akasarinsa rabi-da-rabi ne, da sauran ruwa ko kauri-kauri a ciki, kuma ya kamata labari ya faɗi hakan.

Silikon misali ne na yadda ci gaba na gaske ke shigowa ba tare da ganga ba. Shi ma yana riƙe litiyam kusan ninki goma na girafait, amma yana kumbura zuwa ninki uku ko fiye, ya farfashe, fatar da ke kansa ta yage ta sake ginuwa tana cinye litiyam. Ba wanda ya iya maye girafait da shi gaba ɗaya a kasuwa mai yawa. Abin da aka yi shi ne barbaɗa kaɗan a cikin girafait, ana ƙarawa sannu a hankali, kuma yana cikin dalilan da ya sa wasu sababbin wayoyi ke zuwa da batirin 6,000 mAh ko fiye ba tare da sun yi kauri ba. Haɗin litiyam da farar wuta kuwa, duk da sauƙin nauyinsa, farar wutar tana narkewa cikin ruwan batir ta ƙaura ɗaya ɓangaren, ransa ya gajarta. Kamfanin Oxis na Ingila ya shafe shekaru a kansa, ya rufe a 2021.

Inda muke ganin fata ya fi kusa shi ne batirin sodiyam. Sodiyam yana cikin gishiri da ruwan teku, ba wata ƙasa da za ta riƙe shi ita kaɗai, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, fiye da rabin nikel kuma daga Indunusiya. Batirin sodiyam ba ya buƙatar tagulla, alminiyam ake sawa a ɓangarorin biyu. Ana iya sauke shi zuwa sifili a yi jigilarsa, abin da ke kashe batirin litiyam. Yana aiki cikin tsananin sanyi. Kuma injinan da ke ƙera na litiyam za su iya ƙera shi da 'yan gyare-gyare, wanda wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin CATL na Sin ya sanar da nasa na farko a 2021 mai riƙe wutar da ta kai wat-awa 160 a kowane kilo na nauyinsa, a 2025 ya kawo mai 175. Raunin kuwa daga halittarsa ne: ƙwayar zarrar sodiyam ta ninka ta litiyam nauyi sau uku, ta kuma fi ta girma, ba ta shiga girafait sai an yi mata wani irin gawayi mai tauri na musamman. Don haka ba zai kamo manyan baturan nikel ba, masu wat-awa 250 zuwa 300 a kilo. Arhar da ake faɗa kuma ta takarda ce tukuna. Farashin litiyam ya yi tashin gwauron zabi a 2022, aka ruga wajen sodiyam, sai ya faɗo ƙasa sosai a shekarun da suka biyo, LFP ya ƙara sauƙi, gasar ta yi zafi.

Akwai kuma wani abu da mai sayen batirin sodiyam domin sola ya kamata ya sani tun kafin ya biya. Ƙwayar LFP tana zama a wajen bolt 3.2 zuwa 3.3 kusan duk tsawon aikinta. Ƙwayar sodiyam da aka fi samu tana gangarowa ne a hankali daga kusan bolt 4 zuwa bolt 2 ko ƙasa. In aka jera ƙwaya 16, jimlar za ta taso daga sama da bolt 60 ta sauka ƙasa da 35. Mafi yawan inbatocin bolt 48 kuwa tsakanin 40 da 60 suke aiki. Ke nan inbata za ta kashe kanta da sauran wuta a batirin, mai shi ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa sha ba. A gwada takardar batirin da ta inbatar, a ga ko iyakokinsu sun dace.

Domin ajiyar wuta mai yawa ta gari guda, inda nauyi ba damuwa ba ne, akwai batirin ƙarfe da iska na kamfanin Form Energy a Amurka, wanda ke tsatsa in yana ba da wuta, ya warware tsatsar in ana caji, an tsara shi ya yi awa 100 yana aiki. Kayan haɗinsa masu araha ne, amma kusan rabin wutar da aka zuba masa ba ta dawowa. Akwai na banadiyam mai tankunan ruwa, wanda Maria Skyllas-Kazacos ta ƙirƙiro a Ostireliya a shekarun 1980, aka kuma kunna babbansa a Dalian ta Sin a 2022. Waɗannan ba na aljihu ko na ɗaki ba ne, bai kamata a gabatar da su kamar za su shiga waya ba.

Maganar caji cikin minti biyar, ita ma lissafi ke warware ta. Batirin mota mai kilowat-awa 60, in ana so ya cika daga sifili cikin minti biyar, sai an tura masa kilowat 720, wato cin wutar gidaje ɗaruruwa a lokaci guda ta kebul ɗaya. Ba abin da ba ya yiwuwa ba ne. BYD ya nuna cajar kilowat 1,000 a 2025. Amma tana buƙatar taransifoma tata, da kebul mai ruwan sanyaya a ciki, sau da yawa har da wani babban batir a tashar. Zafin da kebul da batir ke yi kuma ba ninki ɗaya yake bi ba: in aka ninka wutar da ke gudu sau biyu, zafin ya ninku sau huɗu. In aka tura litiyam fiye da saurin da girafait ke haɗiyewa, sai ya kwanta a samansa a matsayin ƙarfe, ya rage ƙarfin batir, ya kuma zama tushen ƙayar da muka ambata. Haka ma ke faruwa in aka yi caji a sanyin da ya kai sifili ko ƙasa. Shi ya sa kowane caji mai sauri yake lafawa bayan kashi 80, kuma alƙaluman talla daga kashi 10 zuwa 80 suke.

Masu cewa ba a ci gaba, su ma a duba musu alƙaluma. Ƙwayar Sony ta 1991 wajen wat-awa 80 take riƙewa a kilo. Ta yau ta ninka haka sau uku. Tsadar batirin litiyam ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa yanzu. Ba rana ɗaya aka yi wannan ba, ɗan kashi kaɗan ne kowace shekara, daga siranta faifai, da gyara ruwa, da rage abin da ake zubarwa a masana'anta. Ba zai riƙa ninkuwa kamar ƙwaƙwalwar kwamfuta ba, domin kowace ƙwayar zarra ta litiyam caji ɗaya tak take ɗauka, kuma babu ƙarfen da ya fi litiyam sauƙin nauyi. Sauyin da ake jira, wani babban ɓangarensa ya riga ya iso. Batirin dalma, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859, mai bolt 12 da amfiya-awa 200, yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, wato 12 sau 200, amma rabi kawai ake sha in ana so ya daɗe, nauyinsa kuma wajen kilo 60. Na LFP mai bolt 12.8 da amfiya-awa 100 yana ba da kusan wannan wutar da ake sha, nauyinsa kilo 11 zuwa 13, kuma mai kyau yana kai caji 3,000 ko fiye, inda na dalma ke tsayawa tsakanin 'yan ɗaruruwa da 1,500 gwargwadon ƙirarsa. Wanda ke da buƙata yau ya ƙi wannan yana jiran daskararre, ya saki reshe ya kama ganye.

Sai dai ko wane iri ne, abubuwan da ke kashe shi sanannu ne. Zafi ne kan gaba. Alƙaluman da ke takarda a digiri 25 aka auna su, kuma ga batirin dalma ƙa'idar da aka sani ita ce kowane ƙarin digiri 10 yana raba ransa biyu. Na litiyam ma yana saurin tsufa cikin zafi, musamman in yana cike maƙil. Na biyu caja da ba tasa ba: wasu cajojin dalma suna haura bolt 15 lokaci-lokaci domin daidaita ƙwayoyi, alhali iyakar LFP mai ƙwaya huɗu bolt 14.6 ce. Na uku allon kula da batir, wanda ake kira BMS. Shi ke lura da kowace ƙwaya, ya yanke in ɗaya ta cika da yawa ko ta sauka da yawa ko ta yi zafi. Batirin amfiya-awa 100 mai allon amfiya 50 zai riƙa yankewa duk sanda firji ko famfo ya tashi, mai shi ya zaci batirin ne ya mutu. Kada a haɗa tsoho da sabo a layi ɗaya, domin mai rauni shi ke jan sauran. Batirin da ya kumbura kuwa iska ce ta taru daga ruwan da ya lalace. Ba a huda shi, ba a danne shi, ba a sake yi masa caji.

Hayaniyar sababbin fasahohi tana kuma buɗe wa 'yan damfara ƙofa, su manna kalmar girafin (graphene, wani ɗan'uwan girafait) ko daskararre a jikin batir na yau da kullum. Ƙwaya mai lamba 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, ta gaske ba ta wuce wajen 3,500 mAh ba, nauyinta giram 45 zuwa 48. Wadda aka rubuta wa 9,900 mAh, sikeli kaɗai ya isa ya tona ta. Fawabanki mai 10,000 mAh a bolt 3.7 aka lissafa shi, wato wat-awa 37; in ya ɗaga zuwa bolt 5 aka cire asarar zafi, abin da ke fita 6,000 zuwa 6,500 mAh ne, kuma wannan ba ha'inci ba ne. Gwada babban batir ba ya buƙatar ɗakin bincike. A cika shi da cajarsa, a bar shi ya huta awa ɗaya. A sa mitar da ke ƙirga wat-awa tsakaninsa da kayan da za a kunna. A ja kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa, wato amfiya 20 ga mai amfiya-awa 100, kimanin wat 250. Sabon LFP na gaskiya zai yi kusan awa biyar kafin allonsa ya yanke. In ta inbata aka bi, a yi rangwamen kashi 10 na asararta. Na dalma kuwa a awa 20 ko 10 ake auna shi, in aka ja shi da sauri zai ba da ƙasa da abin da aka rubuta ko da lafiyarsa ƙalau, kuma ba a sauke shi ƙasa da bolt 10.5.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne duk sanda irin wannan labari ya iso teburinka, a nemi amsar 'yan tambayoyi kafin ya shiga shafi. Wane girman ƙwaya aka gwada, ta maɓalli ce ko mai amfiya-awa goma ko fiye? Caji nawa ta yi kafin ta sauko kashi 80, a wane zafi, da wane sauri, kuma an matse ta ko ba a matse ba? Wa ya auna, masu ita ne ko wani ɗakin gwaji da ba shi da hannun jari a ciki? Akwai masana'antar da ke fitar da ita yau, akwai wanda ya saya ya sa a kayansa, ko dai shekara aka ambata? Ta ci jarrabawar jigila ta UN 38.3, wadda ake buƙata kafin a ɗauki batirin litiyam a jirgi? In ba a samu amsa ba, a buga labarin, amma a gaya wa mai karatu cewa bincike ne da ke ɗakin gwaji, ba kaya ba ne da ke kan hanya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Muna kuma fatan jaridar za ta ware shafi kan abin da ake yi da matattun batura, domin dalma tana da tsohon tsarin sake narkarwa, duk da gubar da ke tattare da yin sa ba bisa ƙa'ida ba, amma LFP da sodiyam ba su da ƙarfe mai tsadar da zai ja hankalin mai sake sarrafawa, kuma miliyoyinsu za su tsufa cikin shekaru goma zuwa goma sha biyar masu zuwa.

Wassalam.

Naka,
Wasu masu karatunka, ma'aikata a fannin batura da ajiyar wutar lantarki